Juwan Ɗin Gidan Alhaji Ilu

Duk wanda ya ce maku gyaran bakin dutse aikin ranar Lahadi ne, ku ce ya ɗage wando ya nuna maku gwiwoyinsa. Ga nawa nan. Sun yi kanta kamar na raƙumi, kuma ba a masallaci kaɗai suka yi ta ba.

Sunana Isuhu. A Sabon Gari in ka ce Isuhu kawai za a tambaye ka wanne, sai ka ce Isuhu Maso, wato magini. Na haura shekara talatin ina shimfiɗa dutse a tsakar gidajen mutanen Maraɗi, kuma rabin shekarun nan ba sabo nake shimfiɗawa ba, juwan nake gyarawa. Juwan shi ne bakin nan da ke tsakanin dutse da dutse, wanda ake cikewa da kwaɓin siminti. Ba mai kallonsa sai ranar da ya fashe, ciyawa ta leƙo, tururuwa ta fara fitar da ƙasa, dutse ya fara rawa in an taka shi. Ran nan ne ake tuna akwai ni.

Ku samarin da kuke zama a bencina kuna dafa shayi, da ku nake. Na san abin da kuke cewa in na ba da baya. Wai tsoho ya mai da zuba siminti a tsaga kamar aikin likita.

Kwanakin baya Laminu ɗan maƙwabcina, malamin lakwal, wato makarantar boko, magidanci mai ƴaƴa biyu, ya miƙo mini tarhonsa. Wani Bature ne a ciki, ya durƙusa a kan ƴar katifa yana gyaran juwan na ƙofar gidansa. Ya zuba gari, ya share, ya fesa ruwa, ya miƙe yana murmushi. Minti takwas.

"Baba Isuhu, wanga shi ne abin da kake ɗaukar sati biyu kana yi?"

Na ce, "Shi ne."

"To ni Lahadi zan yi na gidana."

Na ce, "Allah ya ba da sa'a. Amma dubi bayan Baturen nan da kyau. Ka ga rana?"

Babu rana a garinsu, gajimare ne kawai. Laminu ya yi nasa da bazara, da tsakar rana, a kan tsohon juwan da bai tona ba. Ran Litinin ya yi kyau ƙwarai, har hoto ya ɗauka. Bayan sati uku matarsa tana shara, tsintsiya ta kwashe aikin ta tara shi a bakin ƙofa tare da ɓawon gujiya. Ya zo nan ya zauna, ya daɗe yana gaisuwa kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Ban yi masa dariya ba. Na ba shi kurfi da guduma, na ce ya je ya tone duka, nasa da wanda ya tarar, zurfin gaɓar yatsa biyu, in ya gama ya kira ni. Kwana huɗu ya yi, tafinsa ya yi bororo. Mun gama aikin tare, kuma tun daga nan in kuna dariyarku shi shiru yake yi.

Ni ma ban shiga sana'ar nan da ladabi ba. Ina da shekara ashirin da huɗu, da mata, gonarmu ta Tibiri ta ƙi ci da mu damina biyu a jere, na je wurin Baba Jimma na ce ya koya mini gini. Gajeren mutum ne, ba ya son magana, kuma shi ya shimfiɗa dutsen yawancin tsofaffin gidajen alhazan garin nan, tun zamanin da manyan motoci ke kawo falalen dutse daga arewa. Na zaci zai ba ni turwel, cokalin nan na gini. Sai ya ba ni rariya. Na yi wata da watanni ina tankaɗe rairayi.

In mai amalanke ya kawo rairayi daga Gulbi, Baba Jimma ba ya barin a sauke. Zai ɗibi hannu guda ya zuba a kwalba, ya cika ta da ruwa, ya girgiza, ya ajiye a inuwa. Rairayi ya kwanta ƙasa, laka ta kwanta a kansa. In lakar ta wuce kaurin farce, sai ya ce wa mai amalanke, "Koma da shi." Na ga ana zaginsa a kan haka, jaki na tsaye yana haki, shi ko kallon mai zagin ba ya yi.

Wata rana na gaji na ce, "Baba, ni gini na zo koyo. Tankaɗe ai aikin mata ne."

Ya ce, "Matarka ta fi ka iyawa? To turo ta, kai ka zauna gida."

Na koma kan rariyata.

Ranar da ya fara ba ni kurfi, a farfajiyar wani masallacin unguwa ne a Tibiri. Ya nuna mini layi guda ya ce in tone. Ina son ya ga ƙarfina, na dinga dukan kurfin kamar mai faskare. Ban kai rabin layin ba na ɓantare kusurwar wani dutse, guntu kamar faɗin ƙwandala. Bai yi faɗa ba. Ya tsinci guntun ya sa mini a aljihu, ya ce, "Riƙe. Dutsen ga ya girme ka, kuma ba a yin wani irinsa." Sannan ya kama hannuna ya kwantar da kurfin, ya nuna mini yadda ake bin tsawon juwan da shi, ba a tunkarar gefen dutse. Dukan kuma daga wuyan hannu yake fitowa, ba daga kafaɗa ba.

Kayan aikina ba su cika jaka ba, shi ya sa kuke raina su. Kurfi biyu, siriri da mai faɗi. Guduma. Turwel ƙarami mai tsini. Burushin ƙarfe, soso, da tsofaffin buhunan algarara. Sai ƙarfen juwan, guntun rodi ne da wani maƙeri ya lanƙwasa mini, wanda nake danne kwaɓi da shi, ya goge har yana sheƙi. Amma babban abin aikina kunne ne. Kafin in taɓa komai sai na bi tsakar gida a durƙushe ina ƙwanƙwasa kowane dutse da ƙotar guduma. Wanda ya zauna daram ƙararsa gajera ce. Wanda ƙasa ta zare a ƙarƙashinsa yana amsawa kamar ƙwarya a kife. Irin wannan ko ka cika bakinsa da zinariya sai ya fasa, domin ba bakin ne ke ciwo ba. Sai an ɗaga shi an sake masa shimfiɗa.

Masu gida iri-iri ne. Akwai wanda zai tsaya a kanka yana koya maka aikinka. Akwai wanda zai ce ka ƙara siminti don ya yi ƙarfi, bai san kwaɓin da siminti ya yi wa yawa shi ke fara tsagewa a zafin ranarmu ba. Akwai Hajiyar da za ta aiko maka da fura mai sanyi, sannan ta sa a watsa ruwan wanki a kan aikin da ka gama da safe. Duk na zauna da su lafiya. Mutum guda ne muka yi ta da shi, kuma shi ya jawo mini shekarar da ban taɓa ganin irinta ba.

Alhaji Ilu ɗan kasuwa ne, atamfa da shinkafa, motocinsa na zuwa Kwatano suna zuwa Kano. Tsakar gidansa Baba Jimma ne ya shimfiɗa ta tun mahaifin Alhajin na da rai, daga ƙofar mota har sashen mahaifiyarsa, Hajiya Yalwa. Lokacin da abin ya faru, Baba Jimma ya riga ya rasu. Aka aiko mini saura kwana shida a ɗaura auren babban ɗan Alhaji. Na je na bi tsakar gidan da ƙotar gudumata. Juwan ya ruɓe ko'ina, wannan ba komai ba ne. Abin da ban so ba shi ne wajen wurin alwala. Duwatsun wurin duk amon ƙwarya suke yi. Na tona kaɗan na tarar da ƙasa a jiƙe, alhali rabonmu da ruwan sama wata biyar. Bututun famfo ne ke yoyo a ƙarƙashi, saiwar itacen bedin da ke tsakar gidan kuma ta bi ruwan tana ɗaga dutse.

Alhaji na zaune a darduma ƙofar zaure tare da wasu alhazai uku. Na durƙusa na gaishe su.

Ya ce, "Maso, kwana nawa?"

"Sati uku, Alhaji, in Allah ya yarda."

"Kwana shida gare ni."

"To a shimfiɗa tabarmi a yi biki a kansa haka. Bayan biki in zo in yi shi yadda ya kamata."

"Baƙi za su zo daga Kano da Yamai. Ka bi shi ka shafe, ya yi fes. Bayan biki ka yi abin da kake so."

Na yi masa bayanin bututun da saiwar. Na ce in aka shafe sama, ruwan da ke ƙasa zai rasa wurin fita, kuma mutum zai ga wuri lafiya lau ya taka da ƙarfinsa, dutse ya juya da shi. Yanzu ko ba komai kowa na ganin tsagar, yana taka-tsantsan.

Ya ce, "Ban kira ka wa'azi ba. Za ka yi ko ba za ka yi ba?"

Na ce, "In shafe kake so, Alhaji, a kira mai fenti. Ni maso ne."

Ɗaya daga cikin alhazan ya tuntsire da dariya, har hularsa ta zame. Da bai yi dariyar nan ba, ƙila da maganar ta mutu a nan. Alhaji Ilu ya ɗauki carbinsa, ya kau da kai. Na kwashi kayana na fita.

Garba ne ya yi masa aikin. Garba abokina ne, tare muka ci tuwo a kwano guda wurin Baba Jimma, kuma ya san duk abin da na sani. Kwana biyu ya gama. Aka yi biki, baƙi suka yaba tsakar gida. Mun haɗu da shi a bakin kasuwa bayan nan, ya riga ni magana.

"Isuhu, kada ka dube ni haka. Ƴaƴa tara gare ni."

Na ce, "Ni ma ba duwatsu nake ciyarwa a gida ba. Ka faɗa mashi batun bututun?"

"Kai da ka faɗa mashi, mi ka samu?"

A lokacin ban san abin da na samu ba tukuna. Sai da aka yi wata guda na gane. Alhazan Maraɗi tare suke sallah, tare suke cin abinci, ƴaƴansu na auren juna. Alhaji Ilu bai yi mini ƙarya ba, bai ce na yi sata ko na ɓata aiki ba. Cewa kawai ya yi Isuhu Maso ba ya ganin kowa da gashi. Gidajen da na shekara goma ina shiga, sai maigadi ya tare ni a ƙofa ya ce Alhaji ya fita. Wanda muka riga muka yi magana da shi ya aiko cewa ya samu wani. A shekarar nan ce kuma yayin karo, wato tayil, ya kama gari, kowa na son tsakar gidansa ta yi santsi kamar cikin banki, ana ta tone dutsen da Baba Jimma ya jera ana zubarwa a bayan gida. Na yi wata biyu ina fita da jakata da safe ina dawowa da ita ban kwance ta ba.

Sai na tafi Jiratawa wurin Sale, ƙanen matata, mai noman rani. Shi ya haɗa ni da manoman da magudanan ruwansu suka tsattsage. Aikin juwan ne shi ma, sai dai a cikin laka kake tsaye tun safe, kuma sai ka jira ranar da ba a sako ruwa ba. In babu wannan, in yanki zogale, in ɗaure, in ɗauka a ka zuwa bakin hanya tare da matasan da na haifi kamarsu. Ƙafafuna suka yi faso har ba na iya sa takalmi. Na sayar da burwat ɗina na tura rairayi da tsanina. Kurfi da ƙarfen juwan kuwa suna cikin jaka, na shafa masu mai na rataye.

Wata Juma'a da na zo gida, matata Hadiza ta ajiye mini abinci ta zauna, abin da ba ta saba yi ba.

Ta ce, "Malam, ka je ka ba shi haƙuri."

Na ce, "A kan mi? Bututun ya daina yoyo?"

"Ba a kan dutse ba. A kan bakinka. Gaskiyarka daban, mai fenti daban."

Na san ba ta faɗi ƙarya ba. Da na tsaya a kan bututu da saiwa, da ya isa. Amma na san kuma in na je na durƙusa, ba maganar mai fenti kaɗai za a ji na janye ba. Gari zai ji cewa Isuhu ya yarda shafe ma aiki ne, kuma gobe duk mai sauri zai kira ni in shafe masa. Na ce mata ba ni zuwa. Ta ɗauke kwanon ruwa ta shiga ɗaki, ta yi kwana biyu gaisuwa kaɗai ke haɗa mu.

Damina ta zo ta wuce. Wata safiya ina cikin magudana a Jiratawa, laka har ƙwauri, sai ga kabu-kabu ya tsaya a kan gaɓa. Mati ne ya sauko, direban Alhaji Ilu.

Ya ce, "Hajiya ke kiranka."

"Wace Hajiya?"

"Hajiya Yalwa. Ta ce ko a ina kake in zo da kai."

Na tarar da ita zaune a ƙofar ɗakinta, hannunta na dama ɗaure da karare, an rataye shi a wuya da ɗankwali. Za ta yi alwala ne ta taka dutsen da ke gaban famfo, ya juya, ta faɗi a kan hannun. Tsohuwa ce da ta haura tamanin. Na durƙusa na yi mata sannu.

Ta ce, "Kai ne yaron Jimma?"

"Ni ne, Inna."

"An ce tun bara ka faɗa wa Ilu haka za ta faru."



Ta ƙara da cewa, "Mijina ya sa Jimma ya jera duwatsun ga, ina kallo daga nan inda nake zaune. Ilu na son ya tone su ya sa karo. Na ce sai bayan raina. Gidan ga nawa ne kafin ya zama nasa. Mi kake bukata?"

Na ce sati uku. A kira mai gyaran famfo ya canza bututun kafin in taɓa komai. A bar ni in datse saiwar bedin. Rairayi ni zan zaɓa. Kuma daga ranar da na cika juwan na ƙarshe, kwana bakwai mota ba ta shiga gidan.

Ta ce, "Na ji. Fara."

Aikin Garba ya tashi kamar ƙanzon tuwo, da turwel kawai nake ɗaga shi falle-falle. A ƙarƙashinsa tsohon juwan ya zama gari mai ɗanshi, yana warin rijiya. Na tone layi-layi, na bi da burushi, na wanke har gefen kowane dutse ya fito da launinsa, domin sabon kwaɓi ba ya kama ƙura. Duwatsun wajen famfo na ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, na sa wa kowane lamba da gawayi a bayansa don ya koma gurbinsa. Saiwar da na tarar ta kai kaurin damtsena. Na datse ta, na kwashe ruɓaɓɓiyar ƙasar, na zuba tsakuwa na daddaɓe, na sake shimfiɗa, na ba wurin ɗan gangare yadda ruwan alwala zai bi ya fita waje maimakon ya kwanta.

Sannan cikawa. Awo ɗaya na siminti, uku na rairayi, ruwa kaɗan. In ka dunƙula kwaɓin a hannu ya tsaya bai ɗiga ba, ya yi. In ya yi ruwa, zai ɓata fuskar dutse kuma ya janye in ya bushe. Kana jiƙa ramin tukuna, ya yi ɗanshi amma kada ruwa ya kwanta. Ka zuba rabi ka danne da ƙarfe har ka ji ya ƙi shiga, ka ƙara rabi ka danne, sannan ka ja ƙarfen a kai ya kwanta ƙasa da fuskar dutse kaɗan. Abin da ya taɓa dutse ka goge shi da soso nan take, in ka bari ya kwana ya zauna ke nan har abada. Daga asuba nake yi zuwa hantsi, in dakata, in koma bayan la'asar, domin dutsen da rana ta gasa yana shanye ruwan kwaɓi kafin ya kama. Inda na gama in rufe da jiƙaƙƙen buhu. Safe da yamma ina bi ina shayar da shi kamar mai lambu.

Duk kwanakin nan Alhaji Ilu yana wucewa ta gefena. Ina gaishe shi, yana ɗaga hannu bai dube ni ba. Da na gama cikawa na jera katakai daga ƙofa zuwa zaure da sauran sassan gidan, don masu wucewa su bi ta kai. Motar kuwa a waje take kwana, Mati na gadinta.

Ranar ta uku, bayan la'asar, ina shayar da layin bakin ƙofa, sai na ji hon. Maigadi ya taso da gudu ya wangale ƙofar. Alhaji ne da wani babban baƙo daga Kano a bayan mota. Na ajiye butar ban ruwa, na kife bokitina a tsakiyar ƙofar, na zauna a kai.

Mati ya leƙo yana magana ƙasa-ƙasa. "Baba Isuhu, don Allah tashi. Baƙo ne babba. Sau ɗaya kawai."

Na ce, "Sau ɗaya ya isa ya fasa shi."

Gilashin baya ya sauka. Alhaji ya ce, "Maso, tashi."

"Ba ni tashi, Alhaji."

"Gidana ne."

"Gidanka ne. Amma juwan ɗin ga nawa ne har ran Alhamis. Ran Alhamis in ba ka abinka, ka hau shi da tirela in kana so."

Masu kabu-kabun da ke inuwar katanga suka juyo suna kallo. Mai shagon da ke kallon gidan ya fito bakin ƙofarsa. Na ji baƙon yana tambaya, "Alhaji, lafiya? Wane ne wannan?" Maigadi ya matso kusa da ni yana jiran a ce ya ɗaga ni, kuma da an ce, da ya ɗaga ni, don ya fi ni ƙarfi nesa ba kusa ba. Na riƙe bakin bokitin da hannu biyu.

Alhaji ya dube ni, sannan ya dubi can cikin gida ta saman kaina. Daga ƙofar ana hango sashen Hajiya. Tana zaune a inda ta saba, hannunta a rataye. Ban ma san ko tana ganin abin da ake yi ba.

Sai na ji an buɗe ƙofar mota. Alhaji ya fito, ya tattara babbar rigarsa ya saɓa a kafaɗa, ya ce wa baƙon, "Bismillah, Alhaji. Sai dai mu taka." Ya hau katakon. Mutum ne mai jiki, katakon na lanƙwasa, yana tafiya yana buɗe hannu kamar mai tsallaka rafi. Baƙon ya bi shi yana riƙe da hularsa. Da suka kai tsakiya Alhaji ya tsaya. Ya sunkuya, ya ɗaga gefen buhu, ya sa farcen babban yatsansa ya danna juwan ɗin da ƙarfi. Ya duba farcen. Ya mayar da buhun yadda yake, har ya gyara masa kusurwa.

Bai juyo ba ya ce, "Kwana nawa ya rage?"

Na ce, "Huɗu."

Ya ɗaga murya. "Mati, koma da ita waje."

Ran Alhamis na kwashe buhunana da katakaina, na share tsakar gidan, na je na yi wa Hajiya sallama. Ta sa aka kama ta, ta taka har gaban famfo, ta tsaya a kan dutsen da ya kayar da ita, ta ɗan buga shi da diddige. Ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ya jiƙan Jimma."

Alhaji bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban ba shi ba. Aiki ya dawo a hankali, ba duka ba. Wasu gidajen har yau maigadinsu na ce mini Alhaji ya fita. Hajiya Yalwa ta rasu bayan shekara uku, na je jana'iza, na tsaya a sahun baya. Na zaci daga nan za a tone dutsen a sa karo. Ba a tone ba.

Shekara goma sha ɗaya ke nan, Alhaji Ilu bai sake kirana ba. Garba ya ce fushin ne bai huce ba. Ƙila haka ne. Ni dai watan jiya na bi ta layin, na tarar da ƙofar a buɗe ana sauke buhunan shinkafa daga mota, a tsakiyar gidan. Na tsaya na leƙa, na bi layukan da ido tun daga bakin ƙofa har gindin bedi, ko tsaga ɗaya babu. Ko ya huce, babu abin da zai kira ni in yi.